Waƙafin Sama: Nasiha ga Ɗaliban Yamai

Ya ku ƴaƴana da ƙannena masu neman ilmi a birnin Yamai, waɗanda ke sammako daga Bukoki da Talaje da Lazare zuwa ajujuwan koleji da lise, da waɗanda ke ƙetare gadar Kennedy zuwa Jami'ar Abdu Mumuni a Harobanda, ina so in yi muku magana a kan wani abu wanda, saboda ƙanƙantarsa a ido, da yawanku ba su ɗauke shi a bakin komai ba, alhali kuwa duk malamin da ya taɓa zama da jan biro a gaban tarin takardun jarrabawa ya san cewa a kansa ake fara rarrabe ɗalibin da ya koyi rubutu da wanda ya koyi jera baƙaƙe kawai. Abin nan shi ne ɗan waƙafin da ake ratayawa a saman layi, wanda a lakwal kuke kira apostorof, mu kuwa a nan za mu kira shi waƙafin sama.

Abin da ya sa na ga lokacin wannan magana ya yi shi ne, tun da aka tabbatar da Kundin Sake Gina Ƙasa a watan Maris na 2025, wanda ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki, Ingilishin nan da a da ake ɗauka darasi ne na ƴan sa'o'i a mako, wanda yaro ke farawa a ajin sizyem ya watsar da zarar ya sami bakaloriya, ya zama harshen da za a nemi ku rubuta takardar neman aiki da shi, ku tsara yarjejeniyar ciniki da shi, ku amsa wasiƙar baƙon da bai taɓa ganin fuskarku ba, wanda kuma ba shi da abin da zai auna ku da shi sai abin da alƙalaminku ya bari a takarda. Ga kuma ƴan'uwanku da ke tafiya karatu Sakkwato da Kano da Zariya da ƙasar Gana, inda malami ba ya yi wa ɗalibi rangwame don ya fito daga ƙasar da aka yi karatu da Faransanci.

Kada wani ya ce kula da ɗigo da waƙafi baƙon al'amari ne da Nasara ya zo mana da shi, domin magabatanmu sun riga kowa sanin haɗarin da ke cikin alama guda idan ta kauce wa muhallinta. An ruwaito cewa Abul Aswad Addu'ali, malamin Basra wanda ya rasu a shekara ta 69 bayan hijira, ya ji wani mutum yana karanta wata aya a farkon Suratut Tauba ya sauya wasali ɗaya tak, sai ma'anar ta juye zuwa abin da musulmi ba zai iya furtawa da gangan ba, wannan kuwa ya girgiza shi har ya amince ya sa wa Mus'hafi alamun wasali, waɗanda a wancan zamani ɗige-ɗige ne da jar tawada. Bayansa, a zamanin Hajjaju ɗan Yusuf, Nasru ɗan Asim da Yahaya ɗan Ya'amar suka sa ɗigon da ke rarrabe haruffa masu kama da juna, sa'an nan Halilu ɗan Ahmad, malamin Sibawaihi, ya tsara alamun shadda da hamza da wasulla a surar da muka sani yau. Malaman hadisi ma sun keɓe fanni guda ga kuskuren da ke aukuwa saboda ɗigo ya ɓace ko ya sauka inda ba wurinsa ba, suka kira shi tas'hifi, suka wallafa littattafai a kansa, suka ƙi karɓar ruwaya daga wanda ya yi suna da shi. Haka masu tajwidi suka tsaya a kan ilmin waƙafi da ibtida'i, wato sanin inda mai karatu zai tsaya da inda zai fara, don sun ga cewa tsayawa a inda bai dace ba tana iya raba magana da manufarta.

Wanda ya taɓa zama kusa da alaramma yana rubuta Alƙur'ani da ka ya ga wannan himma da idonsa. Sai ya gama shafi da baƙar tawada tukuna, ya bar shi ya sha iska, sa'an nan ya ɗauko wani alƙalami ya bi shi da ja yana sa wasali bisa da wasali ƙasa da rufu'a da ɗauri, daga ƙarshe ya ɗauko na uku, mai ruwan ɗorawa, ya bi hamza ɗaya bayan ɗaya yana ɗiga mata launinta. Tawada daban ya jiƙa mata, alƙalami daban ya fiƙe mata, ita kuwa ba ta kai ƙwayar gero ba. Duk wanda ya shiga sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na Cibiyar Binciken Ilmin Ɗan Adam da ke nan Yamai, inda aka adana dubban takardun da marigayi Bubu Hama ya soma tarawa, zai tarar da irin wannan itƙani a hannun malaman Agadas da Damagaram da Sayi, mutanen da ba su da fitila sai ta mai, ba su da takarda sai wadda ayari ya kawo. To jikokin waɗannan mutane bai kamata a same su da gafala a kan alama ba, ko da wane harshe suke rubutu.

Wahalar da ɗan Yamai ke fuskanta, wadda ɗan Landan bai san da ita ba, ita ce alama ɗaya ce yake gani a harsuna uku, kowane harshe kuwa aikin da ya ɗora mata daban. A Hausa waƙafin sama harafi ne sukutum, shi ne hamzar boko, yana da mafurtarsa a maƙoshi kamar yadda kowane baƙi ke da tasa, shi ya sa yake tsaye a cikin sa'a da ma'ana da jama'a da sana'a, ba don an jefar da wani abu ba. Akwai lokacin da ya ɗauki kaya fiye da haka, domin a babban ƙamusun Bargery na 1934 da shi aka nuna ɓ da ɗ da ƙ, kafin a ba su ƙugiya a cikin shekarun 1930, har jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939 ta yaɗa su a ƙasar Hausa. An zauna a Bamako a 1966 ƙarƙashin hukumar Unesko a kan haruffan harsunanmu, an kuma zauna a nan Yamai a watan Janairu na 1980 don daidaita ƙa'idar rubutun Hausa tsakanin Nijar da Nijeriya, sa'an nan hukumar ilmi ta ƙasarmu ta fitar da ƙudurinta a 1999; amma har yau harafi ɗaya ya rage tsakaninmu, mu muna rubuta ƴaƴa da ƙugiya, su suna rubuta 'ya'ya da waƙafin sama, kowanne kuma daidai ne a ƙasarsa. Wanda ya bar ƙugiyar ya kuma bar waƙafin, ya rubuta yaya, to ya bar zancen ɗiya ya koma zancen babban wa ko babbar ya.

Kuskuren da ya fi damuna a Hausarmu shi ne wanda ake gani a ƙofofin ofisoshi da bangon masallatai da saƙonnin waya, inda mutum ke nufin ya hana shiga sai ya rubuta «ba'a shiga». Ba'a ita ce izgili, kalma ɗaya ce mai hamza a tsakiya; abin da yake nufi kalmomi biyu ne, «ba a shiga», da fili a tsakaninsu. Haka «za a» da «sai a» da «da a». Wanda bai tsare haƙƙin wannan alama a harshen da ya sha a nono ba, da wuya ya tsare shi a harshen da ya koya a aji.

Na Faransanci kuwa kun san shi tun ajin farko, don dikte ta koya muku shi da bulala: wasali ne ya faɗi saboda ya yi karo da ɗan'uwansa, aka ajiye alama a gurbinsa, kamar a l'eau da d'abord da j'ai. Wani mai buga littattafai na birnin Paris, Geoffroy Tory, shi ya shigar da ita cikin rubutun Faransanci a 1529, daga can Ingilishi ya aro ta a cikin ƙarni na 16, da wannan aiki na nuna gurbin harafin da aka shafe. Har yanzu tana yin sa a don't da I'm da she'll, kuma ban ga ɗalibinmu da wannan ke ba wuya ba, sai dai ina tunatar da ku cewa irin wannan taƙaitawa ta hira ce da wasiƙar aboki, ba a sa ta a takardar neman aiki ko a kundin digiri, a can sai a cika kalma a rubuta do not da I am.

Inda mas'alar take shi ne aiki na biyu da Ingilishi ya ɗora mata, wato nuna mallaka, abin da masu nahawu ke kira idafa. Hausa da Larabci da Faransanci duk sun yi ittifaƙi a kan gabatar da abin da aka mallaka, sa'an nan mai shi ya biyo baya: littafin yaro, kitabul waladi, le livre du garçon. Ingilishi ya juya al'amarin, mai abu ne a gaba, abinsa na biye: the boy's book. Amma ku ƴan Yamai kuna da wata fa'ida a nan wadda ɗan Kano ba shi da ita, domin mafi yawanku kuna jin Zabarmanci, shi kuwa haka yake jera kalmominsa, inda Bahaushe ya ce Sarkin Zabarma da ƙasar Zabarma, Bazabarme ya ce Zarmakoy da Zarmaganda. Ashe jerin ba baƙonku ba ne, kuna yin sa kullum a Katako da Wadata ba tare da kun lura ba. Abin da ya rage ku gane shi ne inda ake rataya alamar. A kasuwar Turaku, idan Layya ta gabato, za ku ga an shafa wa raguna fenti a ƙaho ko a gadon baya don a san na wane ne; haka Hausa take yi, a jikin dabbar take sa shaida, ta ce ragon Audu, tunkiyar Audu, ƙaramin harafin nan na ƙarshe yana manne da abin da aka mallaka. Ingilishi kuwa sai ya ƙyale ragon ya shafa wa Audu fentin, ya ce Audu's ram. Duk wanda ya riƙe wannan ya riƙe rabin ƙa'idar.

Ɗaya rabin shi ne wannan, kuma ina roƙonku ku karanta shi sau biyu. Idan za ku rubuta mallaka, ku fara tambayar kanku da Hausa, na wane ne, ko na su wane ne. Amsar da kuka samu ku rubuta ta da Ingilishi cikakkiya kamar yadda take, tilo ko jam'i, ba tare da kun taɓa ta ba. Sa'an nan ku sa waƙafin sama a bayanta, ku bi shi da s, sai fa idan jam'i ce da ta riga ta ƙare da s, to a nan waƙafin kaɗai ya wadatar. Littafin yaro ɗaya, amsar ita ce boy, sai ya zama the boy's book. Littafin yara da yawa, amsar ita ce boys, sai ya zama the boys' book. Ku lura da abin da ke sa wannan ya yi wa ɗalibi wuya: a Hausa kunne yana jin bambancin yaro da yara, a Ingilishi kuwa boy's da boys' da boys furucinsu ɗaya ne, ba mai iya rarrabe su da ji, ido ne kaɗai ke ganin bambancin. Saboda haka wanda ya koyi Ingilishinsa a fim da waƙa da hira a bakin titi, ko da bakinsa ya fi na malaminsa zaƙi, ba zai taɓa tsintar wannan ƙa'ida a can ba, dole sai ya zauna da littafi.

A Ingila akwai makarantu biyu da sunayensu suka isa hujja. A Okusfod akwai Queen's College, wadda aka kafa a 1341 don girmama sarauniya guda, Filifa matar Sarki Edward na Uku, waƙafinta yana gaban s. A Kambirij kuwa akwai Queens' College, wadda sarauniya Margaret ta kafa a 1448, sarauniya Elizabeth Woodville ta sake kafa ta a 1465, sarauniyoyi biyu ke nan, waƙafinta yana bayan s. Mai karatu da ya san ƙa'ida, kafin a ba shi tarihin makarantun, ya riga ya karanta shi a inda alamar ta tsaya.

Jam'in da bai ƙare da s ba shi ke kayar da ɗalibai da yawa, alhali ƙa'idar ba ta sauya ba. Na su wane ne? Na children ne, na women ne, na men ne. Sai a sa waƙafi da s a bayansu, a ce children's da women's da men's. Kowace shekara, ranar 13 ga Mayu, muna tunawa da jerin gwanon da matan Nijar suka yi a wannan birni a 1991 suna neman a ba su wakilci a shirin Taron Ƙasa, kuma duk wanda zai rubuta sunan wannan rana da Ingilishi a kan ƙyalle ko a takardar gayyata, Women's Day zai rubuta, domin babu wata kalma womens a harshen da za a rataya wa waƙafi a baya.

Asalin abin, ga mai son sani, shi ne Ingilishin da can yana da ƙarshen kalma na mallaka, es, wanda ake furtawa a rubuta, kamar kinges; da wasalin ya faɗi daga baki sai aka sa waƙafi a gurbinsa, a hankali mutane suka mance da wasalin suka ɗauki alamar a matsayin ta mallaka, ita kuwa ƙa'idar jam'i ba ta zauna daram ba sai a tsakiyar ƙarni na 19. Wannan tarihi shi ke warware wata mas'ala da take rikita har ƴaƴan harshen, wato its da it's. Lamiran mallaka, his da hers da ours da yours da theirs da whose da its, kalmomi ne masu zaman kansu kamar nasa da nata da namu, ba a sa musu waƙafi ko kaɗan. It's mai waƙafi taƙaitawar it is ce ko it has, haka who's taƙaitawar who is ce, you're kuma ta you are. Gwajin mai sauƙi ne: ku warware kalmar ku karanta jimlar da it is, idan magana ta miƙe, waƙafin yana da hurumi, idan ta karye, ku cire shi. Ban san wani kuskure da ke zubar da ƙimar takarda a idon mai karatun Ingilishi da sauri kamar wannan ba.

Akwai kuma wata cuta da nake gani tana yaɗuwa a allunan shaguna daga Babbar Kasuwa har unguwannin bayan gari, inda tela ko mai aski ko mai sayar da waya ke son ya ƙawata allonsa da Ingilishi, sai ya ga kamar kowace s ta ƙarshe tana bukatar waƙafi, ya rubuta shirt's da phone's yana nufin riguna da wayoyi. Ba mu muka fara ba. A Ingila kanta an daɗe ana danganta wannan kuskure ga masu sayar da kayan lambu, Faransawa kuma sun ƙara mana da nasu, tun da suka ƙago kalmar pin's suka sa mata waƙafin da ba shi da dalili, har yaro ya tashi yana zaton alamar ado ce da ake yafa wa kalma don ta yi kama da Ingilishi. Jam'i ba ya ɗaukar waƙafi, shirts ne da phones, haka nan shekaru, 1990s ake rubutawa. Duk inda kuka ga waƙafi da s, ku nemi abin da aka mallaka a gaba, ko harafin da aka shafe. Idan babu ko ɗaya, alamar ta shigo gidan da ba a gayyace ta ba.

Masu niyyar karatun shari'a da kasuwanci su ƙara kula da mas'alar tarayya, don a nan alama tana iya zama dukiya. Idan aka rubuta Ali and Musa's shops, shagunan na su biyu ne a haɗe, shirka ce tsakaninsu. Idan kuwa aka rubuta Ali's and Musa's shops, kowa da nasa. Ku ɗauka ɗayansu ya rasu, magada suka zo gaban alƙali da takardar da wani ɗalibi ya fassara musu, ku ga irin nauyin da ke wuyan wanda ya riƙe alƙalamin. Haka a takardun aiki za ku tarar da mallakar lokaci, a day's pay, two weeks' leave, ita ma a kan ƙa'idar nan take tafiya, rana ɗaya waƙafi a gaba, makonni biyu waƙafi a baya.

Ba zan ɓoye muku ba cewa su kansu masu harshen suna da saɓani a wasu wurare, kamar yadda malaman Basra da na Kufa suka yi saɓani a nahawu. Sunan da ya ƙare da s, wasu na ƙara masa wata s, wasu na tsayawa a waƙafi: lambun da ke Landan St James's Park ne, filin ƙwallon Newcastle kuwa St James' Park, kowanne an karɓe shi, abin da ake nema gare ku shi ne ku zaɓi mazhaba ɗaya ku tsaya a kanta daga farkon takarda zuwa ƙarshenta. Hukumar da ke tsara sunayen wurare a Amurka ta daina sa waƙafin mallaka tun 1890, ban da wurare 5 da aka yi wa togiya, majalisar birnin Bamingam ta cire shi daga allunan tituna a 2009, tun kafin nan ma wani tsohon ɗan jarida, John Richards, ya kafa ƙungiya a 2001 don kare alamar. Wani zai ce, to in masu abu sun fara yar da abinsu, mu me ya dame mu? Ra'ayina shi ne wannan hujja ba ta amfane ku da komai. Allon titi daban, takardar da za a yi muku hukunci da ita daban. Jaridunsu da littattafansu da jami'o'insu da kotunansu duk suna nan a kan ƙa'ida, kuma idan ɗan ƙasa ya bar waƙafi sai a ce ganganci ne, idan baƙo ya bari sai a ce jahilci ne. Wannan ba adalci ba ne, amma haka ake karanta takardunku, gara ku sani tun kuna aji.

Tun da muna kan alamomi, akwai wani tarko da ke jiran duk wanda ya taso da Faransanci, wanda ya fi na mallaka saurin jawo asara, shi ne waƙafin lissafi. A lakwal an koya muku cewa 2,500 biyu da rabi ne; a Ingilishi wannan adadi dubu biyu da ɗari biyar ne, biyu da rabi kuwa 2.5 ake rubuta shi da ɗigo. Ɗan kasuwar da ke odar kaya daga Legas ko Dubai ko Sin, da ma'aikacin asibitin da ke karanta awon magani a jikin kwalin da aka rubuta da Ingilishi, kowannensu ya wajaba ya san da wane harshe adadin ke magana kafin ya sa hannu. Sauran bambance-bambancen ƙanana ne: Ingilishi ba ya barin fili kafin alamar tambaya da ruwa biyu kamar yadda Faransanci ke yi, yana kuma fara sunayen ranaku da watanni da harsuna da babban baƙi. Shi ma waƙafin ƙasa yana da nasa labarin, domin a jihar Maine ta Amurka direbobin wani kamfanin madara sun yi nasara a kotun ɗaukaka ƙara a 2017 a kan kuɗin ƙarin lokacin aiki, saboda rashin waƙafi ɗaya ya sa wata jimla ta doka tana ɗaukar ma'ana biyu, aka ƙare da sulhu a kan dala miliyan 5.

Idan kuka tsaya a kan wata jimla kuka rasa inda waƙafin zai zauna, ga jarrabawa ga lokaci yana tafiya, akwai mafita ta halal: ku juya zancen da of, ku ce the books of the students, wanda ya yi daidai da jerin Hausa da na Faransanci, kuma a kan abubuwa marasa rai ma sau da yawa shi ya fi dacewa, the door of the house. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Sai dai kada wannan ya zame muku maɓoya har abada, don Ingilishin da aka cika shi da of ta ko'ina, mai harshen yana jin Faransanci ne ya sa rigar aro. Kada kuma ku miƙa wuya ga waya da kwamfuta su gyara muku, domin na'urar da aka saita da Faransanci ba ta san its ba, wadda aka saita da Ingilishi kuwa sau da yawa takan ƙyale boy's da boys' su wuce, tun da kowacce kalma ce sahihiya, ita kuwa ba ta san yara nawa kuke nufi ba. Ku kaɗai kuka sani, mai karatu kuma ba ya nan balle ya tambaye ku. Amanarsa ce a hannunku.

Abin da nake nema gare ku kaɗan ne. Kowa ya keɓe shafi a bayan kayensa, duk waƙafin saman da ya ci karo da shi a littafin aji ko a jarida ya kwafe kalmar, ya rubuta a gefenta ko hamza ce, ko gurbin harafi ne, ko mallaka ce, in mallaka ce ta mutum ɗaya ko ta jama'a. Ku riƙa yi wa juna shifta biyu-biyu bayan la'asar, ɗaya yana faɗa ɗaya yana rubutawa, sa'an nan ku yi musayar takarda. Duk rubutun da zai fita daga hannunku, ku sake bin sa sau ɗaya don alamomi kawai, bayan kun gama da ma'ana. Wanda kuma mahaifinsa ko yayansa ya ce ya tsara masa allon shago da Ingilishi ko da Hausa, ya rubuta a takarda tukuna, ya kai wa malaminsa ya duba, kafin mai fenti ya tsoma burushi.